Lambar fensir a gindin hoto: amsa ga mai son sayen bugun Warhol

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, ina zuwa Dubai sarin kaya. Wani da muka saba a can ya turo mini hoton ɗan dambe Muhammad Ali ta WhatsApp. Ya ce aikin Andy Warhol ne, guda 500 kacal aka buga a duniya, wannan shi ne na 212, kuma yana da takardar shaida. Dala 900 yake nema, ya ce nan da shekara biyar kuɗin zai ninka. Gaskiya ne? Sannan me ya sa abin da aka buga da yawa zai yi tsada, kuma mece ce ma'anar irin wannan zane?

Alhaji, kada ka tura kuɗin. Warhol, shahararren mai zanen Amurka, ya yi hoton Muhammad Ali kam, wannan ba ƙarya ba ne. Ya je sansanin atisayensa da ke Deer Lake a jihar Pennsylvania a 1977, ya ɗauke shi da kyamarar Polaroid, a 1978 kuma aka fitar da hotuna iri huɗu, kowanne an buga guda 150 masu lamba. To abin da aka buga guda 150, daga ina aka samo na 212 cikin 500? Lambar da aka sa don ta kwantar maka da hankali ita ce ta tona asiri. Na gaskiyar idan ya fito kasuwa ana maganar dala dubu gommai ne, ba wanda zai bi ka da shi a waya a dala 900. Abin da ake nuna maka fosta ce. Ƙila ma mai kyau ce, amma kuɗin fosta ya kamata ka biya.

Sauran tambayar taka ta fi wannan nauyi, bari mu bi ta a hankali.

In ka taɓa tsayawa wajen masu buga riguna a cikin gari, lokacin kamfe ko lokacin da makarantu ke neman bajo a yunifom, to ka riga ka ga yadda ake aikin. Firam ne na katako, an ɗaure masa raga mai laushi, an toshe wasu wuraren an bar wasu a buɗe. A ɗora shi kan riga, a zuba tawada a baki ɗaya, a ja ta da faffaɗar roba zuwa ɗaya bakin, a ɗaga. Kowace kala da nata allon, sai ta farko ta sha iska ake ɗora ta biyu. Su sikirin suke ce masa. Wannan sana'ar ce Warhol ya ɗauka tun 1962, ya kai ta inda ake sayar da zanen hannu. Ɗakin aikinsa a New York ma Factory, wato masana'anta, ya sa masa suna, kuma yawancin jan robar yaransa da ƙwararrun mabuga ne suka yi, ba shi ba. Bai taɓa ɓoye haka ba.

Ma'anar aikin tana cikin wannan ɗin. Kafin su Warhol, manyan masu zanen Amurka irin su Jackson Pollock ana girmama su ne saboda kowane ɗigon fenti daga hannunsu ya fito, kuma babu mai iya maimaita shi. Sai ga wasu matasa, a Ingila da farko, inda Richard Hamilton ya haɗa shahararren hotonsa da guntayen tallace-tallacen mujallu a 1956, daga baya kuma a Amurka, suka ce abin da ke cika idon mutum a zamanin nan talla ne da talabijin da gwangwanayen kanti da fuskokin taurari, don haka shi za su zana. Wannan salon shi ake kira pop. A watan Yulin 1962 Warhol ya jera hotunan gwangwanin miyar Campbell's guda 32 a wani shagon zane da ake kira Ferus a Los Angeles, kowanne dala 100. Mutane suka yi ta dariya. Mai shagon, Irving Blum, ya haɗa su duka ya riƙe a dala 1,000, a 1996 kuma suka koma gidan adana zane na MoMA da ke New York a kan kusan dala miliyan 15. Roy Lichtenstein shi kuma hotunan jaridun barkwanci ya riƙa zanawa manya-manya, har da ɗige-ɗigen da injin bugu ke bari, yana kwaikwayon su da gangan.

Maimaitawar ita ce saƙon. Tauraruwar fim Marilyn Monroe ta mutu a watan Agustan 1962, cikin makonni Warhol ya ɗauko hotonta na tallar wani fim na 1953 ya riƙa buga shi, fuska ɗaya kala daban-daban, wani wuri tawada ta yi yawa, wani wuri ta zame daga kan leɓe, wani wuri fuskar ta kusa ɓacewa. Wanda ya tsaya ya duba zai gane cewa ba matar aka zana ba, hajar da aka mayar da ita aka zana. Haka ya yi da kujerar lantarki da ake kashe masu laifi a kai, haka ya yi da Mao, shugaban Sin, a 1972, shekarar da shugaba Nixon na Amurka ya je Sin. Abin da ka gani sau ɗaya yana girgiza ka, wanda ka gani sau hamsin sai ya zama ado. Mu da muke ganin hotunan haɗari da na gawarwaki suna yawo a waya daga safe zuwa dare, har mun daina ko tsayawa, ba ma bukatar dogon sharhi a nan. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai sha'awa ta gaske, ba duka ba ne suka. Warhol ya taɓa cewa abin da ke burge shi shi ne Coca-Cola ɗin da shugaban ƙasa ke sha ita ce talaka ke sha, kuma babu kuɗin da zai saya maka wadda ta fi. Masana har yau suna jayayya ko yabon kasuwa yake yi ko zambo. Ni ina ganin duka biyun yake yi, kuma da ya tsaya a ɗaya da tuni an manta da shi.

Ga inda abin ya zama abin dariya: zanen da aka gina a kan cewa komai yana da yawa, kuɗinsa ya dogara ne a kan cewa shi kaɗan ne. Raga ɗaya za ta iya buga dubu. Abin da ya tsayar da ita a 150 ko 250 alkawari ne kawai, na mai zanen da kamfanin da ya fitar, cewa daga nan ba ƙari. Saboda haka idan ka sayi bugu mai iyaka, takarda da tawada kaɗan ne cikin abin da ka biya. Mafi yawan kuɗin na alkawarin ne. Darajar alkawari kuwa tana ga wanda ya ɗauke shi, da kuma ko akwai hanyar da za a bincika a ga an cika. Ni ma yau zan iya buga hoto guda goma in rubuta 1/10 da fensir, ba ƙarya na yi ba, amma wa ke nema? Ƙaranci shi kaɗai ba ya sa abu tsada sai akwai masu rububinsa.

Kada kuma a ruɗe ka da manyan alƙaluma. Za ka ji an ce an sayar da Marilyn ta Warhol dala miliyan 195 a gidan gwanjon Christie's a watan Mayun 2022. Gaskiya ne, amma wannan a kan kyallen zane take, aikin 1964, ita kaɗai ce mai wannan kala. Bugun takarda na Marilyn daban ne: an fitar da shi a 1967, kala goma, kowace guda 250, faɗi da tsawo inci 36, sa hannu da fensir a baya, lamba kuma da hatimin roba. Ɗaya daga cikinsu mai lafiya yakan kai dala dubu ɗari zuwa sama, cikakken jerin goman kuma ya wuce miliyan. Sannan akwai na uku, wanda ya fi yawo a intanet. Tun wajen 1970 wasu a Turai suka fara buga Marilyn ɗin da sunan Sunday B. Morning, girma ɗaya, kala kusan ɗaya, da hatimi a baya mai cewa ka sa hannunka da kanka. Akwai waɗanda Warhol ya rubuta a kansu cewa wannan ba nasa ba ne, ya kuma sa hannu. Har gobe ana buga su, ana sayar da su ɗaruruwan daloli. Daga nesa ido ba zai raba su da na 1967 ba. Fuska ɗaya ke nan, farashi uku, tsakaninsu kamar sama da ƙasa.

A cikin bugu ɗaya ma farashi ba ɗaya ba ne. Hoton da mutane suka fi so ya fi tsada, kala mai haske takan fi mai duhu kasuwa, mai sa hannu ya fi marar sa hannu nesa ba kusa ba. Banksy, mai zanen bango na Ingila wanda kasuwa ke jera shi da 'yan pop, ya fitar da hoton yarinya da balan-balan guda 150 masu sa hannu da 600 marasa sa hannu, kuma tazarar kuɗinsu babba ce alhali raga ɗaya ta buga su. Za ka ga wasu an rubuta AP ko PP ko TP a maimakon lamba. Waɗannan na gwaji ne da rabon mai zane da na mabugi, 'yan kaɗan ne a bayan adadin da aka sanar, kuma halal ne muddin an rubuta yawansu a kundin ayyukan mai zanen. Amma batun cewa na 1 ya fi na 250 daraja, wannan zancen dillalai ne. A bugun raga ba a bin jerin yadda aka buga wajen sa lamba, kuma ragar ba ta cinyewa yadda farantin tagulla ke yi a tsohon salon bugu.

Yanzu takardar shaida. Kowa mai kwamfuta da firinta zai iya yin ta, har da zinariyar tambari. Wanda ya iya buga hoton jabu, takarda ce za ta gagare shi? Abin da 'yan kasuwar ke dubawa na farko shi ne kundin da ya tattara dukkan bugun mai zanen. Na Warhol shi ne wanda Frayda Feldman da Jörg Schellmann suka haɗa, shi ya sa za ka ga ana rubuta FS da lamba a gefen kowane aiki. Na Ali su ne II.179 zuwa II.182. A ciki an faɗi girman takarda, irinta, yawan bugu, wanda ya buga, da inda sa hannu yake. Inci ɗaya ya saɓa, magana ta ƙare. Na biyu shi ne silsila. Duk wanda ya taɓa hulɗa da tsofaffin rubuce-rubucen hannu irin waɗanda ke ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu ya san ba a karɓar littafi don kawai an ce na wane ne. Sai an dubi takardar, an dubi hannun, an tambayi daga gidan wa ya fito, shi kuma daga wa ya gada. Haka nan ake yi: rasit ɗin shagon da ya fara sayarwa, sunan gwanjon da ya bi, shekara da lambar kaya, abin da za ka iya bugawa ka tambaya a tabbatar maka. Kuma ka sani kwamitin da ke tantance ayyukan Warhol an rufe shi tun 2012, bayan shari'o'i sun cinye kuɗi masu yawa. Duk wanda ya ce maka zai samo sabuwar shaida daga wajensu, ka san da wa kake magana. Shi Banksy yana da ofishinsa, Pest Control, kuma manyan gidajen gwanjo ba sa taɓa aikinsa sai da takardarsu.

Sa hannu ma ba hujja ba ce ita kaɗai. Salvador Dalí, duk da ba ɗan pop ba ne, ya sa hannu a kan fararen takardu masu ɗimbin yawa tun ba a buga komai a kansu ba, abin da ya lalata kasuwar bugunsa har yau. Wani sa hannun kuma a cikin hoton aka buga shi tare da sauran tawada, ba alƙalami ne ya taɓa takardar ba. In kuma ka ga an rubuta "after Warhol" a talla, mai sayarwa ya riga ya faɗa maka kwaikwayo ne, ya wanke kansa.

Da hoton yana hannunka da na ce ka ari gilashin ƙara girma wajen masu gyaran waya, ka kai shi bakin taga. Bugun raga kalarsa a shimfiɗe take, cike, ba ɗigo, kuma a inda kala biyu suka haɗu za ka ga ɗaya ta ɗan hau kan ɗaya, har yatsa na iya jin tudun. Bugun injin fosta kuwa ɗige-ɗige ne shuɗi da ja da rawaya da baƙi a jere kamar furanni, na firintar zamani kuma feshi ne barkatai. Minti biyu ya isa. Amma ta WhatsApp cinikin biri a sama ne.

A ce ma na gaskiya ka samu, mu yi lissafin 'yan kasuwa. Manyan gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'adar da ta kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka buga guduma. A ce an sallama maka a dala 10,000, za ka biya wajen 12,500, ban da jigila da inshora da kwastam da firam. Ranar da za ka sayar, nan ma akwai la'adar mai sayarwa, a ce kashi goma. Kafin uwar kuɗinka ta dawo sai an buga guduma a kusan 14,000, wato farashi ya tashi da kashi arba'in cikin ɗari ba ka ci ko kwabo ba. Kuma hoto ba ya haihuwa, ba ya kawo haya. Farashin ma ba sama kawai yake yi ba. Bugun Banksy ya yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021, a 2021 ɗin ne aka sake sayar da hotonsa da ya yayyanka kansa a wajen gwanjo a kan fam miliyan 18.5, bayan a 2018 an saye shi fam miliyan ɗaya da 'yan kai. Daga nan kasuwar bugun nasa ta sauko sosai, waɗanda suka shiga a ƙarshe suna nan riƙe da kaya. Warhol da Lichtenstein sun fi tsayuwa, don sun mutu, ɗaya a 1987 ɗaya a 1997, an san iyakar abin da suka bari, gidajen tarihi kuma sun riƙe da yawa. Amma irin waɗannan sunaye ba su da yawa. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan bugu mai iyaka, ranar da ka fita da shi daga shago ya bar kuɗinsa a can.

Sannan wa zai saya a hannunka? Zinari ko fili ko shanu, yau ka nemi kuɗi gobe ka samu. Wannan kuwa kasuwarsa tana Landan da New York da Hong Kong, sai ka mayar da shi can. A gida ma gidaje da yawa ba a rataye hoton mai rai, kuma hukuncin wannan wajen malaminka za ka nema, ni dai ina faɗa maka ne a matsayin abin da ke rage masu saye.

Yanayinmu shi ma abokin gaba ne, kuma wannan ne mutane suka fi rainawa. Gidajen adana zane suna riƙe takarda a sanyi kusan digiri 20, laima kusan kashi 50, haske kaɗan. Mu kuwa a watan Afrilu muna wuce digiri 40, hunturu ya busar da takarda har ta yi ƙaras, damina ta zo ta kumbura ta ta yi tudu da kwari, ga ƙura mai shiga ta kowace kafa, ga gara. Kalolin pop masu ƙyalli, musamman ruwan hoda da rawaya, su suka fi saurin koɗewa a rana, kuma kalar da ta tafi ba ta dawowa. Mafi muni shi ne aikin masu firam na gari, waɗanda suka saba da hoton biki da satifiket. Za su datse gefen takardar don ta shiga firam, su shafa gam su manna ta a katako, ko su yi mata leda da injin zafi don wai ta daɗe. Kowanne cikin ukun nan ya isa ya kashe mafi yawan darajar aikin. Bugu mai daraja ba a manna shi, ba a yanka shi, ba ya taɓa gilashi. Da 'yan guntayen takarda ake rataye shi daga sama, a bayansa kwali marar asid, a gabansa gilashi mai tare hasken rana, a bangon da rana ba ta kaiwa.

In hoton Ali ne ya shiga ranka, ka nemi fosta mai lasisi daga shagon wani gidan tarihi, 'yan daloli ne, ka rataye abinka hankali kwance. In kuwa sha'awar tara zane ce ta taso maka da gaske, ni da kai ne da gida na fara dubawa. Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932, ya yi karatu a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, kuma bugu shi ne babbar sana'arsa. Ayyukansa suna fitowa a gwanjon Arthouse da ake yi a Legas tun 2008, inda za ka je da ƙafarka ka gani, ka tambayi silsila a wajen mutanen da suka san shi. Darasin fosta da asali ma muna da namu: hoton Tutu na Ben Enwonwu an buga kwafinsa ya shiga gidaje da yawa a ƙasar nan, ba wanda ya yi arziki da kwafin, amma na hannun da aka gano a wani gida a Landan ya tashi fam miliyan 1.2 a gidan gwanjon Bonhams a 2018.

Kayan aikin pop kuwa a zube suke a Sakkwato, ba mai ɗauka: gwangwanin Peak, dunƙulen Maggi, atamfar kamfe mai fuska ɗaya sau arba'in, jeren kwanonin amarya, zanen bayan tifa da rubutun jikin Keke Napep. Akwai yara masu hannu da suka fito daga sassan koyon zane, suna buga riguna don abin sawa a baki. In ka sami wanda aikinsa ya tsaya maka a rai, ka sa shi ya buga maka a takarda mai kauri marar asid, guda ashirin ko talatin. Ya sa hannu da lamba da shekara da fensir, ku rubuta yawan bugun da na gwajin a takarda ku biyu ku sa hannu, sannan a wanke ragar a gabanka.